Kiɗa Ake Fara Yi Ko Rawa? Amsa Kan Rawar Bale Ta Zamani

Tambaya: Wata 'yar'uwa ta ce ta kalli rawar bale (ballet, rawar dandamali ta Turawa) ta zamani a YouTube, sai ta ga babu labari, babu kayan 'ya'yan sarakuna irin na tsohuwar bale, wani lokaci ma kamar masu rawar ba sa jin kiɗan. Tana so ta san wanne ake fara shiryawa, kuma ta yaya mai tsara rawa yake ɗora motsi a kan kiɗa.

'Yar'uwa, idonki bai yaudare ki ba. A yawancin ayyukan bale na yau kiɗan ne ke riga rawa zuwa. Mai tsara rawa yakan zaɓi kiɗan da aka riga aka rubuta, wani lokaci tun shekaru ɗari biyu ko uku da suka wuce, ya yi watanni yana saurarensa, sannan ya shiga ɗakin gwaji da masu rawa. Akwai kuma inda ake yin su biyun tare, akwai inda kowa ke yin nasa shi kaɗai, ba za su haɗu ba sai ranar da aka fara nunawa. Ita kuwa tazarar da kika lura da ita tsakanin motsi da sauti, da gangan ake barinta. Mai tsarawa ne ke yanke shawarar inda jiki zai rungumi kiɗa da inda zai ja da baya, kuma a wannan shawarar ake gane wanda ya iya sauraro.

A ƙarni na 19 rawa ce ke ba da umarni. Marius Petipa, Bafaranshen da ya shugabanci bale a birnin St. Petersburg na Rasha, yakan rubuta wa mai tsara kiɗa abin da yake so dalla-dalla. A rubutun kiɗan Turawa ana yanka kiɗa ne gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da adadin bugunta, to Petipa yakan faɗi gaɓa nawa yake so a wuri kaza, da sauri ko a hankali, na murna ko na tsoro. Haka ya yi wa Tchaikovsky a The Sleeping Beauty da aka fara nunawa a 1890. Kiɗan ya fito da kyau ƙwarai domin Tchaikovsky gwani ne, amma an auna shi ne daidai da ƙafar mai rawa, shi ya sa za ki ji yana tafiya takwas-takwas, tsalle yana sauka daidai inda kunne ke jira.

Ranar 29 ga Mayu, 1913, a birnin Paris, wannan jituwar ta karye. Kamfanin Ballets Russes na Sergei Diaghilev ya nuna Le Sacre du printemps, kiɗan Igor Stravinsky, tsarin rawar Vaslav Nijinsky. Labarin wata al'umma ce ta maguzawan Rasha na dā da ke zaɓar budurwa ta yi ta rawa har ta mutu, hadaya don shigowar bazara. Bari in nuna miki wuri ɗaya a cikin kiɗan, domin da shi kaɗai za ki fahimci abin da ya canja. Da an ɗaga labule, masu goge suna maimaita sauti ɗaya mai kauri, bugu 32 a jere. Da a hannun masu rubuta wa Petipa ne, sai a raba shi takwas sau huɗu, kowa ya san inda zai taka. Stravinsky sai ya jefa nauyin bugun a inda ba a zata: a na 10, na 12, na 18, na 21, na 25, da na 30. Ki gwada ƙidaya daga ɗaya zuwa talatin da biyu da sauri, kina tafi a waɗannan lambobin kawai, za ki ji yadda jiki ke rasa inda zai jingina. Nijinsky bai yi ƙoƙarin lulluɓe wannan da motsi mai laushi ba. Ya sa masu rawa suka juya yatsun ƙafa ciki, alhali duk horon bale juya su waje ne, suka karkata kai, suka riƙa dukan ƙasa da ƙafa. Sai da Diaghilev ya ɗauko Marie Rambert, wadda ta yi karatun koyar da bugun kiɗa ta hanyar motsa jiki, don ta taimaka wajen ƙidaya. A daren farko 'yan kallo suka yi ta ihu da hayaniya har masu rawa suka daina jin makaɗa, Nijinsky ya hau kujera a gefen dandamali yana ƙwala musu lambobi. Tun daga lokacin ya zama mai tsara kiɗa na iya rubuta abin da ransa ke so, mai tsara rawa ne zai nemi yadda jiki zai zauna a ciki.

Wanda ya mayar da wannan ya zama tafarki cikakke shi ne George Balanchine, kuma a kansa zan fi daɗewa, domin kusan duk abin da kika gani marar labari daga gare shi ya samo asali. An haife shi a St. Petersburg a 1904, ya yi karatun fiyano a makarantar kiɗa ban da horon rawa, saboda haka yana karanta takardar kiɗa kamar yadda makaɗi ke karantawa. Ya isa Amurka a 1933 bisa gayyatar wani Ba'amurke mai son fasahar rawa, Lincoln Kirstein, suka buɗe makarantar rawa a 1934, sannan suka kafa New York City Ballet a 1948. A wurinsa kiɗan da kansa shi ne abin da za a nuna, ba a bukatar yarima ko aljana.

Ki nemi Concerto Barocco na 1941. Kiɗan na Johann Sebastian Bach ne, wanda ya rubuta don goge biyu da sauran makaɗa a bayansu. Balanchine ya tsayar da manyan masu rawa mata biyu a gaba, da wasu takwas a baya. Idan goge na farko ya ɗauki kari, na biyu ya biyo shi a baya kaɗan, sai ki ga mace ta biyu ta shigo da motsin ta farko a makare daidai wannan gwargwadon. Idan gogen biyu suka sarƙe, su ma sai su ratsa juna. A kashi na biyu, mai tafiya a hankali, namiji ɗaya ya shigo yana ɗaga ta farkon yana ratsawa da ita tsakanin sauran, daidai inda sautin goge ke miƙewa sama ya daɗe bai sauko ba. Duk da haka ba kowane sauti ya ba taku ba. Akwai inda goge ke gudu da ƙananan sautuka barkatai, mai rawa kuwa tana ɗaga ƙafa ɗaya a natse, domin abin da Balanchine ke bi shi ne dogon numfashin jimlar, ba ƙidayar sautuka ba. Mai tsarawar da ke ba kowane sauti motsinsa, aikinsa yakan fito a cushe, ido ya gaji kafin a kai rabi. Bayan na kalli wannan aikin sau da yawa ne kunnena ya fara rarrabe goge na biyu a cikin kiɗan Bach ko da babu rawa a gabana, kuma wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowane aiki da shi: shin ya sa na ji wani abu a kiɗan da dā ban ji ba?

Serenade na 1934, a kan kiɗan Tchaikovsky, ya nuna wani gefe na aikin. Ɗalibai mata 17 ne suka zo gwajin farko, sai ya tsara buɗewar da mutum 17. Wata rana wata ta makara, wata rana wata ta faɗi, duka biyun ya bar su a cikin rawar, kuma har yau haka ake yi. Ya kuma sauya jerin kashi biyu na ƙarshe na kiɗan, don a rufe da mai baƙin ciki. Wato girmama kiɗa bai hana shi taɓa shi ba inda ya ga dalili.

A Agon na 1957 kuwa, shi da Stravinsky suka zauna tare suka tsara tsawon kowane yanki tun kafin a rubuta kiɗan. Masu rawa 12 ne, maza huɗu, mata takwas, cikin kayan gwaji baƙi da fari, babu ado a dandamali. Kiɗan a tsinke yake, sauti nan, shiru can, kuma shirun ma ƙidaya shi ake yi. A rawar mutum biyu da ke tsakiyar aikin, akwai inda macen ke tsaye kan yatsun ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar a sama, namijin ya zube ƙasa rigingine yana riƙe da hannunta, yana juya ta daga kwance. Balanchine ya ba da wannan rawar ga Arthur Mitchell, baƙar fata, da Diana Adams, farar fata, a shekarar da aka kai sojoji birnin Little Rock na Amurka don su raka yara baƙar fata shiga makarantar farare. Mitchell ne daga baya ya kafa Dance Theatre of Harlem a 1969.

To a ɗakin gwaji yaya abin yake? Mai tsarawa yakan zo ya riga ya yanka kiɗan yanki-yanki, ya san inda kari ke dawowa da inda yake canjawa. Idan kiɗan mai saukin bi ne, za ki ji ana "biyar, shida, bakwai, takwas" a shiga. Idan irin na Stravinsky ne, mai rawa na iya haddace jeri kamar bakwai, biyar, tara, biyar, kuma na kusa da ita yana da nasa jerin dabam. Sannan a zaɓi abin da za a bi a cikin kiɗan, domin kiɗan makaɗa da yawa hawa-hawa ne: ƙafafu na iya bin bugun da ke ƙasa, hannuwa su bi karin da ke sama, ko a ba mutum ɗaya sarewa, a ba taron baya manyan goge masu kauri. Bayan an samu motsin sai a shiga aikin da ya fi cin lokaci, wato inda motsi zai sauka. Ana iya sauka a kan bugu daidai, ana iya riga shi da ƙiftawar ido, abin da ke sa mai kallo jin gaggawa, ana kuma iya jinkirtawa har kamar an makara sannan a cim masa. Masu rawa biyu za su yi taku iri ɗaya a kiɗa ɗaya, ɗaya ta burge ki ɗaya ta wuce ba ki lura ba, kuma sau da yawa bambancin bai wuce wannan ƙiftawar ba.

Akwai abin da jiki ba ya iya yi ko da kiɗa ya nema. Mai tsalle, komai ƙarfinsa, ba ya kai daƙiƙa ɗaya a sama. Idan jagoran makaɗa ya sassauta, mai tsallen zai sauka kafin sautin saukarsa ya iso. Idan ya yi sauri, mai juyi ba za ta kammala juyinta ba. Shi ya sa jagoran makaɗan bale yake raba idonsa tsakanin takarda da dandamali. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin rawa a garuruwanmu ya ga yadda mai kalangu ke zuba ido a ƙafar mai rawa, ya ƙara wuta ko ya rage gwargwadon abin da ya gani, to aikin ke nan, sai dai shi jagoran yana jan mutum sittin ko fiye a bayansa. Kamfanoni da yawa yau suna rawa ne da kiɗan da aka naɗa, saboda biyan makaɗa masu yawa haka ba ƙaramin kuɗi ba ne. Na fahimci dalilin, amma ana asara, domin naɗaɗɗen kiɗa ba ya jiran kowa, kuma mai rawar da ta shekara tana bin naɗi ɗaya takan daina sauraro, jikinta ya riƙa tafiya da hadda.

Yanzu ga waɗanda suka raba hanya da wannan duka. Merce Cunningham, wanda ya kafa kamfaninsa a 1953, da abokin aikinsa mai tsara kiɗa John Cage, sun ce rawa da kiɗa abubuwa biyu ne masu zaman kansu da ke faruwa a lokaci ɗaya. Abin da suke yarjejeniya a kai shi ne tsawon lokaci kawai. Cunningham yakan yi gwaji a shiru da agogon auna lokaci a hannu, masu rawarsa sau da yawa ba sa jin kiɗan sai ranar nunawa. Ba ɗan bale ba ne, amma tunaninsa ya shiga bale, har kamfanin Opera na Paris ya gayyace shi ya yi musu aiki a 1973. Jerome Robbins ma ya yi Moves a 1959 babu kiɗa ko kaɗan, masu rawa suna ɗaukar alama daga takun juna. Idan abin da kika kalla ya yi kama da ba a jin kiɗan sam, mai yiwuwa daga wannan zuriyar yake. Ni dai ina girmama shi, domin yana tilasta wa mai rawa ya samu bugu a cikin jikinsa, amma a hannun wanda bai kai Cunningham ba yakan zama hanyar guje wa wahalar sauraro.

William Forsythe, Ba'amurken da ya shugabanci bale na Frankfurt a Jamus daga 1984 zuwa 2004, shi ne ya fi kowa canja kamannin bale bayan Balanchine. A 1987 Rudolf Nureyev, shugaban bale na Opera na Paris a lokacin, ya gayyace shi can, ya yi In the Middle, Somewhat Elevated da matasan masu rawa, ciki har da Sylvie Guillem. Kiɗan na Thom Willems ne, ɗan ƙasar Holan, sautin na'ura mai faɗowa kamar an buga ƙarfe. Masu rawa sukan tako dandamali kamar masu yawo, sai kwatsam ƙafa ta harba sama, jiki ya karkace daga tsakiyarsa har kamar zai faɗi, abokin rawa ya fizgo shi, sannan su juya su tafi abinsu. Wani lokaci harbin ya zo tare da ƙarar, wani lokaci ƙarar ta faɗo babu wanda ya motsa, sai mai kallo ya kasa sakin jiki. A Artifact na 1984 ya yi abin da ya fi wannan: ana tsakiyar rawa a kan kiɗan gogen Bach, sai labule ya faɗo da ƙara, kiɗa na ci gaba, a ɗaga a tarar masu rawa sun sauya wuri. Yana tuna wa mai kallo ne cewa kiɗan na da tafiyarsa ko ido ya gani ko bai gani ba.

Jiří Kylián, wanda ya daɗe yana shugabantar kamfanin rawa na Nederlands Dans Theater a Holan, ya bi hanya mai laushi. Petite Mort ya yi shi ne a 1991 don bikin kiɗa na birnin Salzburg a Austriya, shekara 200 da rasuwar mai tsara kiɗa Mozart, a kan sassa masu tafiya a hankali na kiɗan fiyanonsa mai lamba 21 da 23, da maza shida, mata shida, da takubba shida. Kafin Mozart ya shigo, kukan takubban a iska ne ke riƙe da lokaci.

Cikin masu aiki a yau, wadda nake ganin ta fi sauraro ita ce Crystal Pite 'yar Kanada. A Flight Pattern, wanda ta yi wa Royal Ballet na Landan a 2017 kan halin 'yan gudun hijira, ta ɗauki kashi na farko na Symphony (babban kiɗan makaɗa da yawa) ta uku ta Henryk Górecki ɗan Poland. Wannan kiɗan kari ɗaya ne da ke farawa can ƙasa a manyan goge, sai wani rukuni ya ɗauka a bayansu, sai wani, har su taru su yi kauri. Pite ta tsayar da mutum 36 cikin riguna masu launin toka, cunkushe kamar masu jiran layi a kan iyaka, motsi ya fara daga mutum ɗaya ya ratsa sauran ɗaya bayan ɗaya. Ginin rawar shi ne ginin kiɗan, kuma shi ne ma'anar labarin: mutane masu yawa, ƙaddara ɗaya, kowa na shigarta a lokacinsa. A The Seasons' Canon na 2016 a Paris ta yi irin wannan da mutum 54.

A nan ne nake da ƙorafi kan yawancin abin da ke yawo a intanet da sunan bale na zamani. Tun da Christopher Wheeldon ya yi After the Rain a 2005 a kan kiɗan Arvo Pärt, wanda aiki ne mai kyau da gaske, sai ga masu kwaikwayo birjik: a samu kiɗan fiyano mai sanyi, a rage haske, mutum biyu su yi ta miƙa da naɗewa. Kiɗan ne ke sa mai kallo hawaye, rawar tana cin albarkacinsa kawai. Ki cire wannan kiɗan ki sa wani mai sanyi irinsa, babu abin da zai lalace, alhali Concerto Barocco ba zai yi minti ɗaya a kan wani kiɗa ba. Abin yana damuna ne saboda matasa masu hazaƙa suna ganin waɗannan su ɗauka iyakar fannin ke nan, su daina koyon karanta ginin kiɗa.

Kiɗa ɗaya kuma yana iya ɗaukar rawa fiye da ɗaya. Le Sacre du printemps an sake tsara masa rawa fiye da sau ɗari. Wadda ta fi shiga raina ita ce ta Pina Bausch, a Wuppertal ta Jamus a 1975. Ta sa aka zuba ƙasa a dandamali duka, masu rawa suna gumi ƙasar na manne musu, ana jin hakinsu a kan kiɗan, jar riga ɗaya tana yawo hannu zuwa hannu har ta tsaya a kan wadda za a sadaukar. Bausch ba bale take yi ba, amma Opera na Paris ya karɓi aikin a 1997. An kuma koya wa masu rawa daga ƙasashen Afirka fiye da goma wannan aikin a École des Sables, makarantar rawa da Germaine Acogny ta kafa a Toubab Dialaw a Senegal. Annobar korona ta tsayar da su a 2020, daga baya suka zagaya duniya da shi. Taku ɗaya ne da na Wuppertal, ƙidaya ɗaya, amma jikin da ya tashi da rawa mai nauyi a ƙasa yana sauka a kan bugun Stravinsky ta wata hanya dabam da jikin da aka horar ya yi sama.

Idan za ki fara, ki fara da kashi na biyu na Concerto Barocco. Ki saurari kiɗan shi kaɗai sau biyu, ki yi ƙoƙarin bin goge na biyu da kunne, sannan ki kalli rawar. Bayan haka ki wuce Agon, sannan Forsythe, a wannan jerin, domin kowanne yana amsa wa na gabansa ne. Ki kuma nemi bidiyon da kamfanonin da kansu suka saka, saboda a waɗanda ake kwafa ana sake ɗorawa sauti na iya zamewa daga hoto, kuma rabin daƙiƙa ya isa ya sa gwanar mai rawa ta zama kamar ba ta jin kiɗa.